Spa-Francorchamps: filin tseren Beljiyam da dokar taba ta raba da Formula 1 shekara guda

Jirgin ƙasa daga tashar Brussels-Midi zuwa Verviers-Central yana cin kusan awa ɗaya da rabi. Daga Verviers sai bas ɗin TEC mai bi ta ƙauyen Francorchamps. Wanda ya ɗauki motar haya kuwa sai ya bi titin E40 ta Liège, ya karya zuwa E42, ya sauka a mafita ta 10. Ni ta jirgi da bas na bi, kuma a ranar da babu babban tsere, don ranar tsere ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su yanki tikitin garin Spa suna zaton filin yana can. Sunan ne kawai na Spa, filin kansa yana cikin ƙaramar hukumar Stavelot, wani yanki nasa kuma ya leƙa ta Malmedy. A tafi da rigar ruwa da takalmin da zai jure taɓo ko da rana ta fito, domin a tsaunukan Ardennes ana iya tafka ruwa a gefe ɗaya alhali ɗaya ƙarshen filin a bushe yake ƙayau.

Tsawon hanyar tseren kilomita 7.004 ne, lanƙwasa 19, motocin Formula 1 kuma suna zagaya ta sau 44. Daga ƙofar La Source na gangara zuwa Eau Rouge, inda wani ɗan rafi mai jan ruwa saboda ƙarfen da ke cikin ƙasar wurin yake ratsawa ta ƙarƙashin kwalta. Daga nan hanya ta miƙe tsaye zuwa Raidillon. Talabijin yana cin amanar wannan hawan, yana shimfiɗe shi kamar tabarma. Sai ka taka da ƙafarka numfashi ya fara sarƙewa kafin ka yarda cewa tudu ne na gaske. Daga wuri mafi ƙasa na filin zuwa mafi tudu akwai kusan mita 100.

Abin da ya kawo ni dai ba hawan ba ne. Wannan fili shi ne inda rigimar tallar taba da tseren motoci ta fi fitowa fili a Turai, har ta kai aka cire shi daga jadawalin gasar Formula 1 ta 2003 ɗungurungum. Kuma idan mutum ya zauna a kan kujerun 'yan kallo na Raidillon ya dubi inda aka kafa allunan talla, zai gane dalilin da ya sa kamfanonin taba suka manne wa wannan wasa shekara kusan 40. Allunan ba 'yan kallo suke fuskanta ba, kyamara suke fuskanta.

Asalin abin ke nan. Birtaniya ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, Amurka ta hana a rediyo da talabijin daga Janairun 1971. Amma dokokin sun hana sayen lokacin talla ne, ba su hana kyamara ɗaukar motar da aka yi wa fenti kamar kwalin sigari ba. Wani likita Ba'amurke, Alan Blum, ya zauna ya ƙirga a wani tseren 1989 da aka watsa kai tsaye a Amurka, ya samu sunan Marlboro ko tambarinsa ya bayyana sau 5,933 cikin shirin da bai fi awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba. Babu gidan talabijin da zai sayar maka da wannan a matsayin talla, ko nawa za ka biya.

Kafin 1968 mota launin ƙasarta take ɗauka: kore na Birtaniya, ja na Italiya, shuɗi na Faransa, ruwan ɗorawa na Beljiyam. Da kamfanonin mai BP da Esso suka janye tallafinsu, Firestone kuma ya fara karɓar kuɗin taya, sai hukumar tsere ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. A Afirka aka fara: ranar 1 ga Janairun 1968, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, John Love na ƙasar Rodeshiya ya shiga tsere da mota mai launin sigarin Gunston. Bayan 'yan watanni ƙungiyar Lotus ta zubar da korenta ta sa ja da fari da ruwan zinare na Gold Leaf. A tseren Spa na Yunin wannan shekarar ne kuma Ferrari da Brabham suka fara kafa fiffike a bayan mota don ya danne ta a ƙasa. Injiniyoyi iska suke lissafi, amma ba a jima ba fiffiken nan ya zama ɗaya daga cikin allunan talla mafi tsada a jikin mota, don shi kyamara take bi daga baya tun daga kwana har kwana.

Daga nan sai kamfanonin sigari suka yi ta shigowa. John Player Special ya mai da Lotus baƙa da ruwan zinare a 1972. Marlboro ya fara da BRM a 1972, ya koma McLaren a 1974, ya zauna da ita har 1996, sannan ya tattara ƙarfinsa kan Ferrari. Gitanes na kan Ligier, Camel na kan Lotus da Benetton da Williams, Rothmans ya karɓi Williams daga 1994 zuwa 1997, West ya hau McLaren daga 1997. Michael Schumacher a nan Spa ya yi tserensa na farko a 1991, a nan kuma ya ci nasararsa ta farko a 1992 cikin Benetton mai ruwan ɗorawar Camel. Ƙungiyar Jordan ma a nan ta fara cin tsere a 1998, cikin ruwan sama da karon motoci 13 a zagayen farko, Damon Hill na ɗaya, Ralf Schumacher na biyu, dukansu cikin launin Benson & Hedges. Mutanen Agadas da suka manyanta sun san waɗannan launuka ba a talabijin ba, a ƙofar gida: lokacin da gasar Paris-Dakar take ratsa Tenere, Porsche mai launin Rothmans ce ta ci a 1984 da 1986, Peugeot mai launin Camel ta ci a 1987.

Daga Raidillon na bi gefen miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel har Les Combes. A nan sabuwar hanya take karyawa dama ta gangara cikin daji, tsohuwar kuma ta wuce gaba ta zama titin jama'a mai zuwa Burnenville da Malmedy da Masta, ta juyo ta Stavelot. Kilomita 14 ne a da, tsakanin gidaje da turakun waya, kuma rabon Formula 1 da ita tun 1970. An gajarta filin a 1979, gasar ta dawo a 1983. Tafiyar ƙafa daga La Source zuwa nan da dawowa ta Pouhon da Blanchimont tana cin rabin yini idan ana tsayawa kallo, don haka a ɗauki ruwan sha. Ba kowace rumfar abinci ake buɗewa ba a ranakun da babu tsere.

Dokar Beljiyam ta fito a Disambar 1997, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1999, ta hana tallar taba da ɗaukar nauyin kowane taro da sunanta. Tseren Agustan 1999 aka yi shi babu sunan sigari a jikin mota ko ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare, babbar kotun da ke duba dokokin ƙasar ta ɗage haramcin ga wasannin da suka shafi duniya baki ɗaya har zuwa ƙarshen Yulin 2003. Matsalar kuwa a ƙarshen Agusta ake tseren Spa. Wata ɗaya tak ya raba ranar dokar da ranar tseren 2003.

Wanda bai san yadda kwangilar take ba zai ce ai sai a ɓare sitika a yi tsere kamar 1999. Ba haka lissafin yake ba. A 2003 ƙungiyoyi 10 ne a gasar, biyar daga cikinsu da kuɗin taba suke numfashi: Ferrari da Marlboro, McLaren da West, Renault da Mild Seven, BAR da Lucky Strike, Jordan da Benson & Hedges. Kamfanin taba yana biya ne a kan yawan tseren da sunansa zai fito. An riga an yafe Faransa da Birtaniya, inda aka daɗe ba a sa suna. Kowane tseren da aka ƙara a kan waɗannan, ragi ne a kuɗin ƙungiya. Ana buƙatar ƙungiyoyin su amince gaba ɗaya kafin a je Spa babu suna, ba su amince ba, sai hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta cire Beljiyam a ƙarshen 2002. An kai ƙudurin sassauta dokar majalisa, aka kayar da shi. Masu otal da gidajen abinci na Stavelot da Malmedy da Francorchamps, waɗanda mako guda na tsere yake riƙe musu wani babban kaso na shekara, su suka sha a jikinsu. A zaɓen Mayun 2003 jam'iyyun masu kare muhalli, waɗanda suka tsaya kai da fata a kan dokar, suka sha kaye suka fita daga gwamnati. Sabuwar majalisa ta miƙa wa'adin zuwa ƙarshen Yulin 2005, tsere ya dawo ranar 29 ga Agustan 2004. Kimi Räikkönen ya ci, Schumacher ya zo na biyu ya kammala kambunsa na bakwai. A lura, a 2006 ma ba a yi tseren Formula 1 a nan ba, amma wannan karon ba ruwan taba: mai shirya gasar ne ya karye, ga kuma aikin sabunta gareji da bai ƙare ba. Mutane da yawa suna haɗa shekarun biyu su ɗora wa doka.

Ba Beljiyam kaɗai aka murɗe wa hannu ba. Faransa ta kafa dokar Evin mai hana tallar taba a 1991, kuma a ƙarshen 1992 wata kotu a garin Quimper ta ci Williams tara mai nauyi saboda sunan Camel ya fito a talabijin ɗin Faransa daga tseren da aka yi a wata ƙasa. Aka yi barazanar janye tseren Faransa, majalisa ta gyara dokar ta ba da damar watsa tseren ƙetare. A Birtaniya, Bernie Ecclestone, mai riƙe da kasuwancin gasar a lokacin, ya ba jam'iyyar Labour fam miliyan 1 a 1997, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Tony Blair ta nemi a keɓe Formula 1 daga haramcin. Da maganar ta fasu sai aka mayar masa da kuɗinsa. Kanada ma an cire ta daga jadawalin 2004, sai da gwamnatin tarayya da ta Quebec suka zuba kuɗin diyya aka mayar da ita. A daidai wannan lokacin ne aka yi ta buɗe sababbin filaye a inda doka ba ta da zafi: Malesiya a 1999, Bahrain da Sin a 2004. Saƙon a bayyane yake, in kun hana mu a nan, akwai masu jiranmu.

Daga filin zuwa garin Stavelot bai kai kilomita 10 ba, kuma bas yana bi. Gidan tarihin filin yana cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na tsohon gidan ibadar garin, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 7. Motoci da babura ne jere ƙarƙashin bakan dutse, ana sauya su lokaci zuwa lokaci, don haka kada a ɗora rai a kan ganin wata mota takamaimai. Abin da ya fi amfani a nan shi ne damar sunkuyawa a dubi jikin mota daga kusa, a ga yadda ake raba aikin ado gida biyu. Launin ƙasa fenti ne, ana fesa shi siriri ƙwarai domin kowane giram nauyi ne. Sunaye da tambura kuwa yawanci sitika ce ta roba da ake yankawa da na'ura, a manna, a goge kumfar iska, a bi da zafi don ta kwanta a kan lanƙwasa. Dalilin da ya sa doka ta iya cire suna cikin dare ɗaya amma ta kasa cire launi ke nan.

Kuma ba mota kaɗai ake sauya wa kaya ba. Ƙungiya mai kuɗin taba tana riƙe kaya kashi biyu na kusan komai: murfin inji, fiffiken gaba da na baya, rigunan tsere na direbobi masu ɗinkakken tambari, hular kwano, rigunan makanikai, bangon gareji, allon da ake ɗaga wa direba, har manyan motocin dakon kaya. Motocin dakon su suka fi ba da wahala, domin sukan ratsa ƙasa mai tsauraran dokoki a kan hanyarsu ta zuwa ƙasar da babu haramci. Makanike ɗaya ya manta ya sa hular da ba ta dace ba, kyamara ta ɗauke shi, to an ba masu ƙara hujja.

Nan ne fa aka ƙware wajen sauya wa tuwo suna. Jordan ta mai da Benson & Hedges zuwa Bitten & Hisses a 1997 tare da zanen maciji a hancin mota, sannan Buzzin' Hornets, daga baya ta goge wasu haruffa ta bar Be On Edge. McLaren ta cire West ta rubuta sunayen direbobinta, Mika da David, da irin rubutun kwalin. Lucky Strike ya zama Look Alike, Mild Seven ya zama Team Spirit. Tun a shekarun 1980 ƙungiyar Zakspeed ta Jamus ta taɓa rubuta East a madadin West. Haruffa iri ɗaya, girma ɗaya, wuri ɗaya, kuma mota tana wucewa da gudun kilomita 300 a awa, ido ba karantawa yake yi ba, siffa yake kamawa ya cike sauran. BAR, wadda kamfanin British American Tobacco ya kafa bayan ya sayi ƙungiyar Tyrrell, ta so ta fito da mota biyu da launi biyu a 1999, ɗaya Lucky Strike ɗaya 555. FIA ta ce dole motocin ƙungiya su yi kama da juna. Sai suka raba kowace mota gida biyu, rabi wannan rabi wancan, suka zana zif a tsakiya. Ko maki ɗaya ba su samu ba a shekarar.

Wa'adin ƙarshe daga Tarayyar Turai ya zo. Dokar farko ta 1998 kotun Tarayyar ta soke ta a 2000 bayan Jamus ta kai ƙara. Ta biyu, ta 2003, ta sa ranar 31 ga Yulin 2005, wadda ta faɗa daidai ranar tseren Hangari. FIA ta so a bari har ƙarshen 2006 saboda kwangilolin da aka riga aka sa wa hannu, ba a saurare ta ba. West ya rabu da McLaren a ƙarshen makon nan. Mild Seven da Lucky Strike suka lallaɓa har ƙarshen 2006. A Amurka kuma gasar NASCAR, wadda ta ɗauki sunan Winston Cup sama da shekara 30, ta koma hannun kamfanin waya Nextel a 2004.

A ganina, barazanar cewa wasan zai mutu ba ta tabbata ba, kuma alamun hakan sun bayyana tun kafin wa'adi. Williams ta bar taba tun 2000 da ta haɗa kai da BMW, a 2003 ma har tallar NiQuitin, maganin daina shan sigari, ta ɗauka. Vodafone ya karɓi McLaren a 2007, bankin ING ya karɓi Renault, Red Bull ya sayi Jaguar a ƙarshen 2004, Honda ta sayi BAR. Manya sun samu magada. Ƙanana ne suka ji jiki: Jordan ta sayar da kanta a farkon 2005, ko da yake tsadar inji ta taka rawa kamar yadda raguwar kuɗin taba ta taka. Kuɗin da ya maye gurbin ma ba duka ne mai tsabta ba, domin bayan bankuna da kamfanonin waya sai giya da caca da kuɗin kirifto suka shigo, kuma ƙasashe sun fara bin su da irin dokokin da suka bi taba da su.

Ferrari ce ta nuna cewa an gudu ba a tsira ba. Sunan Marlboro ya yi fitowarsa ta ƙarshe a jikin motar a 2007, amma Philip Morris, kamfanin da ke yin Marlboro, bai daina biya ba. A inda sunan yake sai aka sa wasu layuka ja da fari da baƙi, irin waɗanda ake bugawa a jikin kaya ana haskawa a kanti. Likitoci suka yi ca, suka ce daga nesa ƙasan kwalin Marlboro ne, aka cire a Mayun 2010. Sunan ƙungiyar a takarda ya ci gaba da ɗaukar Marlboro har 2011. Maurizio Arrivabene, wanda ya shugabanci ƙungiyar daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2019, daga Philip Morris ya zo, haka ma Louis Camilleri da ya riƙe kamfanin Ferrari daga 2018 zuwa 2020. A Oktoban 2018 aka fito da taken Philip Morris, Mission Winnow, a jikin Ferrari a tseren Japan, wai ba tallar kaya ba ce, kuma hukumomin Ostireliya suka sa ido har aka cire shi kafin tseren farko na 2019. A wannan shekarar British American Tobacco ya dawo ta ƙofar McLaren da taken A Better Tomorrow, daga baya da Vuse, sigarin lantarki, da Velo, 'yar jakar nikotin da ake cusawa ƙarƙashin leɓe kamar yadda masu tabar gari suke yi. Tsohon aikin sitika ya dawo ke nan: a sa a wannan ƙasa, a ɓare a waccan. Beljiyam na cikin inda ake ɓarewa, don ta hana sayar da jakar nikotin tun Oktoban 2023, ta hana sigarin lantarki na sha-ka-yar daga Janairun 2025.

Kafin bas ɗin komawa Verviers na leƙa shagon ƙananan motocin ado. Wanda yake son saya ya duba ta cikin gilashin kwalin da kyau. McLaren ta direba Ayrton Senna tana nan da ja da farinta mai siffar kan kwali, amma gurbin sunan fayau yake ko an cike shi da layuka. Lotus baƙa da ruwan zinare ma haka. Masu ƙera su ba sa buga sunan sigari tun da dokar talla ta shafi irin wannan kaya, sai masu tara su su nemi 'yar takardar tambari daban, su jiƙa ta a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙu, su zame ta a kan motar da ɗan buroshi. Idan aka bar ta ta jiƙu da yawa gam ɗin ya wanke, idan aka ja ta da wuri ta yage. A duba jadawalin bas tun da safe, domin da yamma suna yin wuya, ranar Lahadi kuma sun fi wuya.